Gidan da Sarkin Faransa Ya Gina a Fadama

Yamma da birnin Paris, tafiyar kamar mil goma sha biyu, akwai wani gida wanda duk ƙasar Turai da wuya a sami irinsa wajen girma da ƙawa. Faransawa suna rubuta sunansa Versailles, amma in sun faɗa da baki, Barsai a ke ji. Ɗakunansa sun kai 2,300, filin da ke kewaye da shi kuwa, da lambuna da kurmi da tafkuna, ya yi kusan eka 2,000. Sarakuna uku suka yi mulki daga cikinsa, dukansu Luwi ne sunansu, kuma zamansu gaba ɗaya bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Wanda ya ga hoton gidan sai ya ce alfahari ne ya gina shi. Da alfahari a ciki kam, babu shakka, amma mai bin labarin daga tushe zai tarar tsoro ya riga alfahari isa wurin.

Da fari ɗan ƙauye ne kurum a bakin fadama, kewaye da daji mai namu. Sarki Luwi na 13 mutum ne mai son farauta, ya kan zo nan har dare ya yi masa. A shekarar 1623 ya sa aka gina masa ɗan masauki, bayan shekara takwas kuma aka sake shi da jan tubali da dutse. Ya rasu a 1643, ya bar ɗa mai shekara huɗu da haihuwa. Aka naɗa yaron, aka kira shi Luwi na 14, uwarsa da wani waziri mai suna Mazarin suka riƙe masa ƙasa.

Yaro bai cika shekara goma ba sai ƙasa ta yamutse. A 1648 alƙalan Paris suka yi gardama a kan haraji, mutanen gari suka goya musu baya suka tare hanyoyi. Daga baya manyan masu sarauta, waɗansu ma dangin Sarki ne na jini, suka ja daga da rundunoninsu. Cikin Janairu 1649, da tsakad dare, ana tsananin sanyi, aka sulale da yaron daga Paris zuwa wani tsohon gidan sarauta inda ko gadaje isassu babu, har manyan matan fada suka kwana bisa busasshiyar ciyawa. Ba a yi wata guda ba mutanen Ingila suka sare kan sarkinsu, wanda ya ke mijin gwaggon yaron ne. Bayan shekara biyu kuma, an koma Paris, sai jita-jita ta tashi wai za a sake guduwa da shi. Jama'a suka taru a ƙofar fada da dare, suka ce sai sun gan shi da idonsu. Tilas aka buɗe musu, suka shiga har ɗakin kwanansa suna leƙa shi, shi kuwa ya rufe ido kamar mai barci. Tarzomar ba ta kwanta ba sai 1653. Yaro ya girma da abu biyu a ransa, bai amince da Paris ba, bai kuma amince da manyan ƙasarsa ba.

Da Mazarin ya mutu a watan Maris 1661, Sarki yana da shekara 22, sai ya tara majalisa ya ce ba zai naɗa wani waziri ba, shi zai riƙa duba kome da kansa, kada kowa ya sa hannu a takarda sai da izninsa. A lokacin Ma'ajin ƙasa wani mutum ne mai suna Fuke, ga wayo, ga kyauta, ga son abu mai kyau. Sai dai kuɗin baitulmali da na aljihunsa sun cuɗanya har ba a iya raba su, kuma duk wanda ya taɓa riƙon littafin kuɗi ya san inda irin wannan ke kai mutum. Akwai kuwa wani ma'aikaci, Kolbar, ɗan gidan 'yan kasuwa, wanda ya ke bin lissafin nan a asirce yana nuna wa Sarki inda aka yi coge.

Ran 17 ga Agusta 1661 Fuke ya gayyaci Sarki walima a sabon gidansa da ya gina kudu maso gabas da Paris. Sarki ya ga gini, da lambu, da ruwa mai tsartuwa sama, da wasan wuta, irin waɗanda shi kansa ba shi da su. Gaskiya tun kafin ranar ya riga ya ƙulla kama mutumin, walimar dai ta ƙara rura wutar ne. Ran 5 ga Satumba aka kama Fuke. Aka shekara uku ana shari'a, alƙalai suka yanke a kore shi daga ƙasa, Sarki ya ga hukuncin ya yi sauƙi ya mai da shi ɗaurin rai da rai. A kurkuku ya mutu, a 1680. Sarki kuwa ya kwashe gwanayen da suka yi wa Fuke aiki, watau Lebo magini, da Lebaran mai zane, da Lenotar mai tsara lambu, har da itatuwan lemon gidan, ya tura su duka Barsai.

Kolbar, wanda dukiyar ƙasa ta koma hannunsa, bai so wurin ba. Ya yi ta roƙon Sarki ya kashe kuɗin nan wajen gyara fadar kakanninsa da ke cikin Paris, Sarki ya ƙi. Bai kuma yarda a rushe masaukin ubansa ba, saboda haka daga 1668 aka lulluɓe shi da sabon gini ta gefe uku, har yau ana ganin jan tubalinsa a tsakiya. Aka baje tuddai, aka cike kwaruruka, aka ciro manyan itatuwa da saiwarsu daga nesa aka dasa. Daga 1678 wani magini, Mansar, ya miƙa gidan kudu da arewa. A 1685 an ƙidaya mutum 36,000 suna aiki a wurin. Zazzaɓin fadama kuwa ya yi ta cin lebura. Wata babbar mace ta zamanin ta rubuta wa ɗan'uwanta wasiƙa a 1678, ta ce da dare a ke fitar da gawawwaki a amalanke don kada sauran ma'aikata su tsorata. Littattafan lissafin ginin suna nan ba su ɓata ba, a ciki akwai kuɗin dutse da na katako, akwai kuma ɗan abin da aka ba wanda ya faɗo daga bisa ya karye.

Abin da ya fi suna a gidan shi ne Zauren Madubai, wanda aka gama a 1684. Tsawonsa kamar ƙafa 240. A gefe guda tagogi 17 ne masu duban lambu, a ɗaya gefen madubai 357 ne aka jera suna fuskantar tagogin. Kada mai karatu ya raina madubi don ya ga yanzu kowace amarya tana da nata. A zamanin nan mutanen birnin Benis na ƙasar Italiya kaɗai suka gwanance da yinsa, suna kuwa tsaron asirin kamar ransu, sai da Kolbar ya lallaso waɗansu maƙeransu da kuɗi ya kafa masana'anta a Faransa a 1665. A rufin zauren Lebaran ya zana yaƙoƙin da Sarki ya ci. Manzannin sarakuna, irin na Siyam da suka zo a 1686 da na Farisa a 1715, sai sun taka zauren nan tun daga wannan ƙarshe har wancan, jama'a na kallonsu, kafin su iso gaban karaga. Kujeru da tebura da tukwanen lemo na cikinsa da azurfa tsantsa aka ƙera su, amma ba su daɗe ba, gama a 1689 yaƙi ya cinye kuɗi, Sarki ya sa aka narkar da su aka buga sulalla.

Abu guda ne ya gagari Sarki, shi ne ruwa. Abin mamaki, wurin da taɓo ya dama, amma ba shi da kogi, kuma ya fi kogin Sen tudu ƙwarai. Ga shi an cika lambun da maɓuɓɓugan ado, bakunansu sun haura dubu, kowane yana son ruwa. Aka haƙa tafkuna a tuddan kewaye don tare ruwan sama, bai isa ba. Daga 1681 zuwa 1684 aka kafa wata na'ura a bakin Sen, a wani wuri da a ke kira Marli. Ƙafafu 14 gare ta irin ƙafar keke, kowace faɗinta ya yi kusan ƙafa 40, kogi na juya su, su kuma suna motsa famfuna fiye da 200 waɗanda ke tura ruwa sama fiye da ƙafa 500. Mutane suka riƙa zuwa kallonta daga ƙasashe, ƙararta tana hana maƙwabta barci, kullum cikin gyara ta ke, ruwan kuma bai isa ba. Sai aka ce a jawo wani kogi sukutum daga nisan mil 50. A 1685 aka fara haƙa, aka zuba mutum wajen 30,000, galibinsu soja. Zazzaɓi ya kashe da yawa, yaƙi ya tashi a 1688 aka kwashe sauran, aikin ya tsaya ke nan har abada. Ginshiƙan gadar da ruwan zai bi ta kai suna nan tsaye, ko ɗigo bai taɓa ratsa su ba.

To, da ƙarfi ya ƙare sai aka koma ga dabara. In Sarki ya fito yawo cikin lambu, masu kula da ruwa su kan ɓuya a kan hanyarsa suna yi wa juna fito. Da ya doso wata maɓuɓɓuga sai a buɗe ta, da ya ba da baya sai a rufe, a buɗe ta gaba. Ya san ruwa bai isa ba, amma ba a bari idonsa ya faɗa kan busasshiya. Ma'aikatan nan ba su yi laifi ba, aikinsu suka yi, sai dai irin wannan ladabi in ya bi gidan sarauta ba a lambu kaɗai ya ke tsayawa ba.

Ran 6 ga Mayu 1682, ana cikin ƙurar gini, Sarki ya tare a Barsai da iyalinsa da majalisarsa da ofisoshin mulki duka. A nan ne amfanin gidan ya fito fili. Duk mai son muƙami, ko kyauta, ko a aurar masa da 'ya gidan girma, sai ya zo ya zauna inda Sarki zai gan shi kullum. Wani babban bafade da ya rubuta labarin zamanin ya ce in aka roƙa wa mutum alfarma, shi kuwa ba mai zuwa fada ba ne, Sarki ya kan ce bai san shi ba, magana ta mutu ke nan. Mutanen ƙasar Hausa ba za su yi mamakin wannan ba, gama kafin zuwan Turawa galibin hakimai a birni su ke zaune kusa da Sarki, jakadunsu ke zuwa ƙauyuka karɓo haraji.

Amma Luwi ya kai abin inda ba a taɓa kai shi ba. Ya ɗauki rana ta zama tambarinsa, har a ke ce masa Sarkin Rana, a 1701 kuma ya mai da ɗakin kwanansa tsakiyar gida, yana duban gabas. Wajen ƙarfe takwas na safe a ke tashe shi, sa'an nan a riƙa shigo da mutane kashi kashi, kowa gwargwadon darajarsa, su tsaya suna kallo ana sa masa tufafi. Wanda ya fi kowa girma a ɗakin shi ke miƙa masa riga. Da dare in zai kwanta sai ya zaɓi mutum guda ya riƙe masa kyandir, wanda aka zaɓa kuwa ya kwana da murna, sauran su kwana da hassada. A kan 'yar kujera marar majingini, wadda wasu manyan mata kaɗai ke da iznin zama bisanta a gaban Sarauniya, an yi gaba ta shekaru. Mutumin da ke da katafaren gida da gandu a lardinsa sai ga shi ya matsu cikin ɗaki biyu masu sanyi da wari, yana cin bashi don tufafi da caca, yana jiran kyautar Sarki ya biya. 'Ya'yan waɗanda suka ja daga a 1648 ke nan, suna rigima kan kyandir. Har Luwi ya mutu, manyan ƙasarsa ba su sake tara masa runduna ba.

Ba a rufe gidan ga talaka ba. Duk mai tufafi masu tsabta yana iya shiga ya ga Sarki na wucewa, in namiji ne sai ya rataya takobi ya riƙe malafa, akwai kuwa masu ba da hayarsu a bakin ƙofa. Amma mai zuwa kallo dabam, mai kawo kuka dabam. Babban harajin ƙasa a wuyan manoma ya ke, masu sarauta da shugabannin coci an ɗauke musu. A yunwar 1693 da 1694 mutum fiye da miliyan guda suka mutu, a 1709 kuma sanyi ya kashe shuka. Sarki ya rasu ran 1 ga Satumba 1715, bayan shekara 72 a kan gado. Ɗansa da jikansa sun riga shi, sai tattaɓa-kunnensa mai shekara biyar. Da ya ji ajali ya sa aka kawo masa yaron, ya gargaɗe shi kada ya bi sawunsa wajen son yaƙi da kashe dukiya, ya kuma yi ƙoƙari ya sauƙaƙa wa talakawa.

Magadansa sun gaji gidan da al'adunsa, ba su gaji ƙarfin halin mai shi ba. Luwi na 15 ya gaji da kallon jama'a, ya yi wa kansa ƙananan ɗakuna a ciki inda zai ɓuya. Luwi na 16, wanda ya hau a 1774, mutumin kirki ne mai son farauta da gyaran makullai, amma ƙasarsa bai san ta ba, sau ɗaya tak ya taɓa ganin teku, a 1786. Matarsa Mari Antuwanet kuwa, 'yar Sarauniyar Ostiriya, a 1783 ta sa aka fara gina mata ƙauyen wasa a ƙarshen lambu, da bukkoki, da injin niƙa, da ɗakin madara, don ta riƙa zuwa shaƙatawa.

A halin nan bashi ya kai wa gwamnati wuya, musamman na taimakon da aka yi wa Amurka a yaƙinta da Ingila. A lissafin 1788 kusan rabin abin da a ke kashewa wajen biyan bashi ya ke tafiya, abin da fada ke ci kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. Sai dai talaka ba ya ganin littafin Ma'aji, gini ya ke gani. A shekarar nan ƙanƙara ta ɓata amfanin gona, hunturu ya yi tsanani, burodi ya yi tsada har ya kan cinye fiye da rabin ladan lebura. Sarki ya rasa yadda zai yi, ya kira taron wakilan ƙasa, wanda rabon da a yi shi tun 1614. Aka buɗe shi a Barsai ran 5 ga Mayu 1789. Wakilan talakawa suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai an rubuta wa ƙasa tsarin mulki, ran 14 ga Yuli kuma mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastil.

Da safiyar 5 ga Oktoba matan kasuwar Paris suka rasa burodi, ga kuma labari ya iso wai an yi wa hafsoshin soja babbar walima a Barsai. Suka taru su wajen dubu shida ko bakwai, da sanduna da wuƙaƙe, har da igwa suna ja, suka kama hanya cikin ruwan sama. Mil goma sha biyun nan da Luwi na 14 ya sa tsakaninsa da Paris, cikin sa'a shida suka taka ta. Sarki yana daji wajen harbi, sai da aka aika aka kira shi. Ya ga 'yan kaɗan daga cikin matan, ya yi musu alkawarin hatsi, aka ɗauka magana ta ƙare. Jama'a suka kwana a fili, jiƙe sharkaf. Da asuba waɗansu suka sami wata ƙofa ba a kulle ba, suka kutsa, suka kashe dogarai biyu, suka hau bene suna neman Sarauniya. Da ƙyar ta tsere ta wata 'yar ƙofa da ke gefen gadonta, ko tufafin kirki ba ta sa ba. Da gari ya waye Sarki ya fito baranda, a tsohon ginin nan na jan tubali, jama'a suka yi ta ihu sai ya koma Paris. Ya yarda. Da azahar aka fita da shi da iyalinsa cikin karusa, da amalanken gari a biye, ba su isa ba sai dare. Ba wani sarkin Faransa da ya sake zama a Barsai. A Janairu 1793 aka sare kan Luwi, a Oktoba aka sare na matarsa. Kayan gidan kuwa aka yi gwanjonsu, aka shekara guda cur ana buga ƙararrawa kafin su ƙare.

Gidan ya daɗe kango, har Sarki Luwi Filib ya mai da shi gidan ajiye kayan tarihi a 1837. Ran 18 ga Janairu 1871, sa'ad da Jamusawa ke cin Faransa da yaƙi, a cikin Zauren Madubai suka naɗa Sarkin Sarakunan Jamus, a ƙarƙashin zanen nasarorin Luwi. Faransawa suka haɗiye, ba su manta ba. Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko, a zauren nan suka zaunar da wakilan Jamus suka sa hannu a takardar sulhu, ran 28 ga Yuni 1919. Cikin sharuɗɗanta akwai cewa Jamus ta saki dukan ƙasashen da ta mallaka a waje, har da Togo da Kamaru. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma na Kamaru, Ingila ta karɓi siririn yanki a gefen Nijeriya, inda Dikwa da Mubi su ke, ta riƙe shi amana. A Fabrairu 1961 mutanen arewacin yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni aka haɗe su, aka kafa Lardin Sardauna da hedkwata a Mubi.

Yanzu miliyoyin mutane ke zuwa kallon gidan kowace shekara, su yanki tikiti su shiga har ɗakin kwanan Sarki. Manyan maɓuɓɓugan lambun kuwa ba kullum a ke sakar musu ruwa gaba ɗaya ba, sai ranakun da aka ƙayyade, galibi Asabar da Lahadi, daga watan Afrilu zuwa Oktoba.